Tambayi Bakanike: Zan ɗora wa tsohuwar Datsun wani inji, ta ina zan fara sayen kaya?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka taru min kusan duk a kan tsofaffin motoci ne, irin masu ƙofa biyun nan na ƴan gayun da, da alama samari sun fara gajiya da Corolla da Civic. Na zaɓi huɗu, ta farkon zata ci mana fili sosai dan amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Salam Oga, Allah ya ƙara basira. Mahaifinmu ya rasu ya bar wata Datsun 240Z a gareji, tun ina firamare take ajiye an lulluɓe ta da tamfol, da aka raba gado sai ta faɗo a kasona. Bodi lafiya lau sai ɗan tsatsa ƙarƙashin batir, amma injin ya kafe, mun sa sifana ya ƙi motsi ko kaɗan. Abokaina sun ce kar in ɓata kuɗina a kan tsohon inji, in nemi 2JZ na Lexus in ɗora mata. Na leƙa Ƙofar Ruwa wani ya nuna min ɗaya ya ce ɗan Baljiyam ne, amma tsirara yake, ba waya ba burenbos (kwamfutar da ke sarrafa inji) ba giya, ya ce in fara ɗaukar injin sauran sai mu riƙa haɗawa a hankali in kuɗi sun samu. Oga in biya ko in dakata?
Daga wani mai karatu a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, wanda ya riƙe 240Z a Kano a wancan zamanin ai ba ƙaramin ɗan gayu bane. Dakata, maida kuɗinka aljihu. Ba wai ina cewa mai shagon macuci bane, shi kayansa yake son sayarwa kuma wataƙila injin ma lafiyayye ne, inda gizo ke saƙar shine maganar nan ta "mu riƙa haɗawa a hankali". Ita ta zaunar da motoci da yawa a garin nan, ka zaga garejojin da ke gefen titin Katsina zaka ga mota an cire mata bonet, inji na ciki an rufe shi da buhu, tayoyi sun sace, mai ita ya daina ɗaga wayar bakanike shima bakaniken ya daina kira.

Amma tukunna ka san abin da ke hannunka. 240Z ta fito ƙarshen 1969 aka ci gaba da yinta har 1973, injinta L24 ne, silinda shida a jere, cc 2,393, kafireta biyu, ƙarfin doki wajen 150 a motar da nauyinta tan ɗaya ne da ɗan kai. Ita ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 ta sake lashewa a 1973, kaga ba motar kwalliya bace kawai, ta sha ƙura da taɓo a Kenya. Yau masu tara tsofaffin motoci a Amurka da Japan da Turai nemanta suke ido rufe, kuma cikin abin da suke fara dubawa akwai ko injin da ke ciki shine wanda ta fito da shi daga kamfani. Buɗe bonet zaka ga wani ɗan farantin ƙarfe maƙale a jikin bodi da lambar inji a kai, sai ka gwada da lambar da aka buga a jikin bulok. In sun zo daidai toh ko me zaka ɗora mata daga baya, wannan tsohon injin kar ka kuskura ƴan gwangwan su ɗora shi a sikeli. Zuba masa mai, naɗe shi da leda, tura shi lungu ya zauna.

Sannan kafewa ba mutuwa bace. Inji in ya shekara da shekaru a zaune ringi ne ke mannewa da bangon silinda saboda tsatsa. Cire fulogan nan shida, ɗura man giyar otomatik haɗe da ɗan gas a kowane rami, bar shi ya sha kamar sati biyu, kullum ka sa sifana a kan fuli kana rausaya shi gaba da baya a hankali, banda zura dogon bututu a sifanar kana hawa kai da ƙafa dan Allah. Sau da yawa sai ka ji ya saki. In ya ƙi a ɗaga top silinda a ga abin da ke ciki. Wannan gwajin kusan kyauta ne, a fara da shi.

In ya tabbata ba zai tashi ba, ni a nawa ra'ayin L28 zaka fara nema kafin 2JZ, na san abokanka zasu ce Oga ya tsufa bai san zamani ba, ba komai su faɗa. L28 ɗan gidansu injinka ne, cc 2,753, ya zo a 280Z daga 1975, ya zo a 280ZX, ya zo a Laurel da Cedric da tsohuwar Patrol ta farkon shekarun 1980. Yana zama kan injin sit ɗinka, wato mazaunin inji, ba yanka ba walda, giyarka ta kama shi, kafiretocinka biyu su hau kansa, ba burenbos ba rikicin rewaya sai wayar kwayil da ta kik da ƴan geji. Abu ɗaya zaka lura da shi, botom filet ɗin Z, wato kwanon da baƙin mai ke taruwa a ƙasan inji, cikinsa a baya yake, na wasu motocin kuwa a gaba, toh sai a maida naka tare da bututun da ke zuƙo mai. Wahalarsa kawai samu. Ba kowane shago zai ce yana da shi ba, yaran yanzu wasu ko sunan basu taɓa ji ba, sai ka nemi dattawan kasuwa waɗanda suka yi zamanin Datsun, su suka san wane lungu aka jibge me, ko ka sa a tambaya maka a Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas.

Toh in zuciyarka ta kafe a kan 2JZ shima ba laifi, inji ne na gaske. Silinda shida a jere kamar naka saboda haka ramin Z na ɗaukarsa, cc 2,997, bulok ɗin baƙin ƙarfe ne, wanda ba turbo wato 2JZ-GE yana bada doki 220 ko kusa da haka, kuma kayansa na yau da kullum irinsu bel da filta da famfon ruwa ba sai ka yi yawo ba dan GS300 da IS300 sun shigo ƙasar nan sosai. Wanda samari ke gani a bidiyo yana tada hayaƙi GTE ne mai turbo biyu irin na Supra, wannan daban kuɗinsa daban, in wani ya ce maka yana da shi a araha ka yi masa sallama ka wuce.

Ga inda tsirara ke cutarwa. 2JZ-GE kala biyu ne, akwai na farko mai distiribita, akwai mai VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, da ya biyo baya wajen ƙarshen shekarun 1990, zaka gane shi da ƙullutun da ya turo a murfin gaba ta wajen tayimin. Wayarsu ba ɗaya ba, burenbos ba ɗaya ba, totur ba ɗaya ba. Ko cikin masu VVT-i ɗin ma na GS300 daban na IS300 daban, wanda aka yi wa kasuwar Amurka daban na Japan daban. Uwa uba yawancin masu VVT-i suna da imobilaiza, ma'ana burenbos ba zai bar inji ya tashi ba sai ya ji ƴar ƙwayar da ke cikin makullinsa na asali. Ka sayi inji yau, bayan wata biyu ka sayi burenbos a wani shago, makullinsa kuwa yana can wata ƙasa an jefar a shara, sai ka ga inji na juyawa yana juyawa ya ƙi kamawa, rewaya ya yanka nan ya jona can, ya ce burenbos ne ka sayo wani, ya ce a'a sansa ne ka sayo, ya ce waya ce bata dace ba, kuɗin da ka guje wa biya lokaci guda sai ka biya fiye da su a tsittsinke ga ɓacin rai a kai.

Shi ya sa nake cewa komai ya fito daga mota ɗaya kuma a ɗauke shi rana ɗaya. In kuɗin basu cika ba a jira su cika, motar da ta yi shekaru a ƙarƙashin tamfol wata shida ba zai ƙara mata komai ba. Mafi kyau hafkot, gaban motar da aka yanko ɗungurungum da injinsa da giyarsa da dashbod, kowace waya na inda kamfani ya sa ta, rewayanka ya zauna ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana manna mata takarda kafin a kwance. Abin da baka buƙata a ciki, fitilu da dashbod da kwamfuresan AC, a nan kasuwar zaka sake sayarwa ka rage asara. In hafkot ya fi ƙarfinka toh inji kamfilit, kuma kamfilit ɗin kai zaka ƙirga ba mai shago ba. Wayar inji ka bi ta da hannunka tun daga kan injekta har soket ɗin da ke shiga burenbos, dan masu kwance mota a can waje sauri suke, in waya ta tsaya musu almakashi suke sa mata. Burenbos da makulli da zoben nan da ke kewaye da ramin makulli duk tare. Eya fulo mita, ignaita, kwayil, altaneta, kik, manifol ɗin salansa da sansansa, famfon sitiyari ko da Z bata da fawa sitiyari, dan bel ɗaya ne ke zagaye su duka. Har kusoshin da suka haɗa giya da inji ka ce a zuba maka a leda, kar ka raina su, nemansu ɗai-ɗai na iya cinye maka wuni guda cikin rana.

Giya kuma tun kafin ka biya kuɗin inji zaka yanke shawara. Kusan duk 2JZ ɗin da ke shigowa otomatik ne. Z da otomatik ni dai bata yi min ba, amma ita ce hanya mafi sauƙi da araha tunda a haɗe suka zo. In giyar hannu kake so sai W58 ta SC300 ko Supra marar turbo, ko W55 ta IS300, da fulayiwil da kuloc da cokalinsa, kuma basu da yawa a kasuwa. Sai botom filet, wanda shi ke ba mutane mamaki ranar da aka rataya inji a sarƙa za a sauke. Na GS300 da IS300 cikinsa a gaba yake, daidai inda kuros memba, wato ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, da rak ɗin sitiyarin Z suke, ba zai zauna ba. Mai ciki a baya ake buƙata irin na SC300, kuma saiti ne, na sama da na ƙasa da bututun zuƙo mai da sandar auna mai. Tambayi wannan tun a shago. In mai walda ya ce a bar shi ya ɗan yanke kuros memba ya zauna, ka ce masa Allah ya ba da haƙuri.

Ranar zuwa kasuwa tafi da bakaniken da zai yi aikin, shi ɗin dai ba yaronsa ba, kuma ka biya shi kuɗin wuninsa daga aljihunka dan kar hankalinsa ya koma kan la'adar da mai shago zai miƙa masa ta bayan fage. Ɗan kamashon da zai tare ka a bakin layi da "Alhaji me ake nema" gaishe shi da mutunci ka wuce, duk abin da ya kai ka ka saya akwai kasonsa a kai. Je da safe, ka sa a jawo injin waje ka gan shi da hasken rana.

Wanda ya fi kowane ƙyalli a shagon shi zaka fi zargi. Injin da ya taso daga waje ba a taɓa shi ba zaka ga dattinsa iri ɗaya ne ko ina, ɗan busasshen mai da ƙura mai laushi, wani har da rubutun fenti da masu yadi suka yi masa. Wanda ya yi aiki a nan aka wanke shi da fetur aka fesa masa silba kuwa, leƙa lungunan da burushi baya kaiwa, ƙarƙashin manifol da bayan altaneta, zaka tarar da jar ƙasarmu a maƙale. Duba kan kusoshi, in sifana ta taɓa cinsu gefen zai yi haske ko ya ɗan lotse. Duba bakin botom filet da murfin sama, in ka ga jan gam ko shuɗi ya tsattsafo toh an taɓa buɗewa, na kamfani baƙi ne siriri a miƙe.

Buɗe murfin baƙin mai ka haska ciki da fitilar waya. In ƙarfen launin zuma ne mai motar yana canza mai a kan lokaci. In baƙin datti ne ya daskare har kana iya kankaro shi da farce, bar musu kayansu. In bayan murfin ya yi fari-fari mai kauri ruwa ya haɗu da mai kenan, ko gaskit ko top silinda ta tsage. Sai a cire fulogai a jera su a ƙasa yadda suka fito, na ɗaya zuwa na shida. So ake su zama kala ɗaya, ruwan ƙasa-ƙasa. Wanda ya jiƙe da mai silindarsa na shan mai, wanda kuma ya fi sauran tsabta tas shine abin tsoro dan ruwa ne ke shiga yana wanke shi. Tunda fulogai na waje sa sifana a fuli ka juya zagaye biyu cikakku, ya tafi sumul ba inda ya cije. Daga nan a kwance ƙaramin botom filet na ƙasa, sa yatsa ka shafo abin da ya kwanta ka duba a rana, in ka ga ƙyalƙyali mai ruwan tagulla metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai ya ci, shima karanshaf na kan hanya. Mai shago zai iya cewa ba a buɗe masa kaya, ka ce ka ɗauki nauyin gam da aikin maidawa, in ya sake ƙi akwai shago na gaba.

Sai gejin kwamfureshan, a ɗaura a ramin fulogi a buga kik da batir mai ƙarfi. Lafiyayyen 2JZ matsin da geji zai nuna zai wuce psi 150, amma abin da ya fi adadin muhimmanci shine shidan su zo kusa da juna, tazarar kar ta wuce kashi 10 cikin 100. Kaga nan ma tsirara ya gaza, dan kik ɗin a jikin giya yake kamawa, ba giya ba ta yadda zaka buga shi. Wanda ya fi duka kuwa a tada shi a ƙasa ka ji da kunnenka, hafkot batir da ɗan galan ɗin fetur da famfo kawai yake buƙata.

Dalilin da ya sa na nace a kan gwaji a wurin shine garanti. Garantin kasuwa na ƴan kwanaki ne, an yi shi ne dan mai Corolla da za a cire masa inji da safe a ɗora wani ya tafi gida da yamma. Kai kuwa sai an ƙera injin sit, an yanka farfela an yi mata balansi, an ja waya, an gyara tanki, watanni zaka yi kafin a murza makulli karon farko, lokacin garanti ya daɗe da mutuwa kuma in ka koma shagon ma ba lallai ya tuna fuskarka ba. Ka gwada roƙonsa ya rubuta cewa ƙirgen zai fara ranar da aka tada inji, kaɗan ne zasu yarda, toh gwajin gaban shago shine garantinka. Rasit ya zama mai sunan shago da lambarsa da kwanan wata, a rubuta lambar injin wadda kai ka karanto da idonka daga jikin bulok, a jera duk abin da ka ɗauka. Ka yi masa alama da fenti, ka ɗauki bidiyo, kuma a loda shi a gabanka a wannan lokacin, banda "bar shi ya kwana gobe yara su kawo".

In ya iso gareji, tun yana ƙasa a canza tayimin bel da famfon ruwa da sil na gaba da na baya, sababbi a kwali. Roba ba a sayenta tokumbo, ta gama tsufanta a can. Mai VVT-i in bel ya tsinke yana gudu bawul na iya haɗuwa da fistin, wannan kuma sabon lissafi ne.

Kuma ka sani kuɗin inji da wuya ya kai rabin abin da zaka kashe. Tankin da ya shekara da ruɓaɓɓen fetur sai an sauke an wanke, kafireta psi 3 zuwa 4 ya ishe ta amma injekta tana son wajen 40, dole sabon famfo da tiyo mai jure matsi. Tsohon lagireto ba zai riƙe 2JZ a zafin Afrilu cikin goslo ɗin Kano ba, a nemi babba da fanka mai ƙarfi, kuma duk wanda ya ce a cire tamostat kar ka saurare shi. Birkinta faifai a gaba ganga a baya, an yi shi ne dan doki 150, a fara da shi kafin a ƙara mata gudu. Aksil ɗinta R180 ne, masu ƙara ƙarfi kan koma R200 na 280Z. Ɗan tsatsan nan na ƙarƙashin batir ma kar ka ce ɗan, a Z ruwan batir kan bi ya ci har ƙarfen shasi da ke ƙasa, kuma 2JZ ya fi tsohon injinka nauyi. Fanal bita ya kankare wurin a ga iyakarsa tun kafin ka taka Ƙofar Ruwa.

TAMBAYA: Malam ina da Peugeot 504 Coupé mai ƙofa biyu, injin ya gaji yana hayaƙi yana shan mai. Bakanikena ya ce a ɗora mata na 406 tunda ga shi nan birjik a kasuwa. Me ka gani?
Daga wani dattijo a Nasarawa.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, a gaya wa bakanike ya yi haƙuri. Injin 406 a gicciye yake zama yana jan tayoyin gaba, 504 kuwa injinta a miƙe yake daga gaba zuwa baya, a ɗan kishingiɗe, yana tura na baya, ga farfelarta a cikin bututu take tun daga giya har aksil. Kafin a daidaita wannan da wancan an yayyanka motar, kuma irinta ba a yanka ta. An yi ta daga 1969 zuwa 1983, bodinta aikin Pininfarina ne na Italiya, mai V6 ɗinta ce ta ci Safari a 1978. Masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta haɗa 504 salun da wagon da akori-kura, amma Coupé shigo da ita aka yi.

Sa'arka ɗaya, injin lita biyun nan mai cc 1,971 dangi ɗaya ne da na 504 da 505 da suka cika ƙasar nan. Sai dai kar ka je neman tokumbonsa da zuciyar zaka samu ɗanye, kusan duk wanda za a nuna maka ya yi Kano zuwa Maiduguri har ya gaji, an buɗe shi an rufe ba adadi. Ni da naka zan gyara. Hannun rigar silindarsa, wato layina, cirewa ake a zura sabo, a sayi saitin layina da fistin da ringi, a auna karanshaf a sa metal daidai da shi, a gyara top silinda, inji ya dawo. In na wani zaka saya toh ka saye shi a farashin wanda za a buɗe. In taka mai injekta ce irin ta Kugelfischer aka cire aka sa kafireta, a nemo famfon a adana maka shi a gida. Kuma duk lokacin da zata kwana a gareji a lura da gilasai da fitilu, ko ɗaya na salun baya shiga, in ya fashe sai daga Faransa.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Marsandi 280SL ce ta maigidana, muna son tada ta kafin bikin ɗanmu. Wani a Legas ya turo bidiyon inji ya ce mu tura kuɗi ya ɗoro a mota. Mu tura?
Daga wata mai karatu a Sharaɗa.

AMSA: Hajiya Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Kar a tura. Bidiyon da aka turo ba shaida bace, yana iya zama na injin da aka sayar tun bara. In dole daga Legas za a ɗauko, kuɗin motar bakanike zuwa da dawowa ya fi arha a kan asarar inji, ya je ya yi duk abin da na lissafa a sama ya tsaya a loda a gabansa. In ba hali a samu wani naku a can ya je shagon da ƙafarsa, a yi kiran bidiyo kai tsaye ya nuna lambar inji, a biya bayan ya karɓi kaya da rasit.

Amma ku fara dubawa a gida. In taku mai bodin R107 ce, wanda aka yi daga 1971 zuwa 1989, injin 280SL ɗin M110 ne, kuma shine a cikin 280E ta W123 da 280SE, waɗanda Alhazan Kano suka hau sosai. A nemi irinsa a maida masa botom filet da injin sit da manifol na SL ɗin, dan haka kar a yar da komai na tsohon sai sabon ya tashi. In za a kawo muku M104 na V-boot ɗin ƙarshe a ce ya fi ƙarfi, gaskiya ne ya fi, amma na wajen 1993 zuwa 1995 rigar wayarsu marmashewa take da zafi, bakanike ya ɗan tsaga baƙin tef ɗin ya lanƙwasa waya ɗaya, in ta zubo gari toh sai an sake wayar gaba ɗaya. Da biki a gaba ni ba zan shiga wannan ba. Kuma a tanadi wata motar ɗaukar amarya ko da wannan bata gama ba.

TAMBAYA: Oga in na canza inji takardun mota fa? Kar ƴan KAROTA ko VIO su tare ni.
Daga wani mai karatu a Hotoro.

AMSA: Ɗan'uwa lambar inji na cikin takardunka, in ka canza sun saɓa kenan. Ɗauki rasit ɗin mai lambar sabon injin da tsofaffin takardun ka je ofishin lasisin mota a gyara, ka ajiye kwafin rasit ɗin a cikin motar, asalin a gida. Injin da ka ga an goge lambarsa da giranda ko an sake buga wata a kai kar ka saya ko nawa aka rage maka, in na sata ne a hannunka za a kama shi.